Na Huɗun Ganuwar Kalgo

Wanne ya fi ciwo, a manta da mutum ko a yi masa dariya? Wa ya sani.

A tashar Gwandu, Malam Albarka ladan yana jiran lorin Kalgo, sai wani baƙo mai buhun albasa ya ɗauko labarin wasan langa.

"Ganuwar Kalgo ke nan! Su uku ne, Bawa da Abu da Dogo. Shekara da shekaru ba ɗan langan da ya ratsa su."

"Su huɗu ne," in ji Albarka.

"Uku, Baba. A bakin kawuna na ji."

"Kawun naka ya taɓa ɗaga ƙafa? Wa ke tsare hagu?"

"Dogo."

"Dogo! Dogon da iska ke kayarwa? Ranar da aka kara da 'yan garin Malisa, ni na zubar da mutum biyu a hagun nan!"

Baƙon ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai? To kama ƙafarka mu gani."

"Da furfurata? Ni mai kiran salla, a tsakiyar tasha? Allah ya kiyaye!"

"To uku ne. Haka zan faɗa wa 'ya'yana, su ma su faɗa wa nasu."

Duk ukun sun rasu, Albarka ba shi da mai shaida.

Ya yi tsaki, ya tuɓe takalmi, ya naɗe riga, ya kai hannu baya ya cafke babban yatsan ƙafarsa.

"Ajiye albasar nan, yaro. Zo ka wuce ta hagu."