Umma, Mamacin Zane Ne

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, da masu sauraro. Daga Fagge nake, a sakaya sunana.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: na ajiye littattafan soyayya, na koma kallon katun ɗin Japan. Ƙawata Ngozi ta Sabon Gari ke tura mini.

Shekaranjiya jarumin da nake so a katun ɗin ya mutu, bai ko furta wa yarinyar da yake so cewa yana sonta ba. Umma ta tarar ina rusa kuka.

"Ke, lafiya?"

"Ya rasu."

"Wa?"

Kunya ta rufe ni, na ce, "Wani ne a wajen su Ngozi."

Shi ke nan, Anti! Umma ta yi salati, ta sanar da maƙwabta. Ranar Asabar za su ɗunguma Sabon Gari ta'aziyya, har da kular abinci. Ngozi kuwa dariya take, wai su zo, za ta shimfiɗa tabarma.

Na gaji, bakina ya kasa! Shirinku ba ya wuce Umma, don haka zan daure in kawo muku takardar nan da kaina. Umma, ki ajiye mayafinki. Mamacin zane ne.