Bokitin da Ya Kori Takwara

Kaka: Alo? Alo! Wa ke magana?

Takwara: Kaka, ni ce mana. Ai ke kika kira. Ina wuni?

Kaka: Na san ni na kira. Maɓallin da kika shafa wa jan farce na danna. Muryar ce na ji ta yi mini baƙunta, na ce ko hannu ya kauce. Lafiya lau. Ya karatu?

Takwara: Alhamdu lillahi. Ya gida? Ya ƙafar?

Kaka: Ƙafa tana inda kika bar ta. Ya gajiya?

Takwara: Ba gajiya.

Kaka: Ya malamanku?

Takwara: Suna lafiya.

Kaka: Ya wannan dogon yaron da ke buga kai a ƙofar ɗakin ajiyata?

Takwara: Dogo? Yana nan ƙalau. Kaka, kina shan maganin?

Kaka: Ina sha. Ya mai gidan tayil?

Takwara: Haba Kaka. Inna tana lafiya, kullum sai ta tambaye ki.

Kaka: Allah sarki. Ta haifi uwarki, na haifi ubanki, sai tambaya daga nesa. To ki ce ina amsawa. Ba dogon zance na kira ba. Shara na yi a ɗakin ajiya, na tsinci ƙusoshinku da wasu 'yan notika, na tara a gwangwanin madara. Ki zo ki ɗauka.

Takwara: Me kika tara? Layin yana yankewa.

Kaka: Ƙusoshi! Na ƙarfen nan naku mai hannu ɗaya!

Takwara: Au, na mutum-mutumin da muka ƙera don gasa. Ki ajiye kawai, muna da wasu.

Kaka: Kuna da wasu. Daidai ne. Gidan da ke da tayil ai ba zai rasa ƙusa ba.

Takwara: Kaka...

Kaka: Tsaya in tambaye ki, Takwara. Ranar da na je asibiti duba gwiwa, na dawo na tarar ɗakin ajiya fayau, me kika ce mini?

Takwara: Na ce mun ɗauke shi.

Kaka: Kika ce kun kai shi ina?

Takwara: Na ce... wajen gwaji.

Kaka: Ni kuma, da yake ban yi boko ba, na ɗauka makaranta ake gwaji. Kika haɗa jaka kika ce za ki riƙa kwana gidan kakarki ta wajen uwa saboda ya fi kusa, sai an gama gasa. Na ce to. Jiya na leƙa shago sayen sabulu, mai shago ya ce, Kaka, zo ki ga jikarki a waya. Na duba. Ga ƙarfen yana yawo a tsakiyar falo, yana ɗaukar ɗan akwati yana ɗorawa a kan kantar jera kaya. Ga wata baiwar Allah a tsaye cikin tabarau, rimot a hannunta, haƙora duk a waje, kamar ita ta ƙera shi.

Takwara: Ɗan riƙewa kawai ta yi a ɗauki hoto.

Kaka: Ni sau nawa na riƙe?

Takwara: Ai ba ki taɓa cewa kina so ba.

Kaka: Sai na roƙa? A gidana? Wa ya kwashe buhuna da tsofaffin kujeru ya ba ku ɗaki? Wa ya ba ku teburin guga kuka huda shi gida-gida? Wa ya sha ƙaurin dalma har tari ya kama shi? Lokacin da abin nan yake tarin ƙarafa da wayoyi kamar hanjin kaza, a gidana yake. Da ya tashi ya fara tafiya, sai ya zama ɗan gidan tayil.

Takwara: Kaka, tayoyinsa ƙanana ne. Simintin ɗakin ajiya ya tsattsage, kullum sai taya ta maƙale. Filin gasar sumul yake, dole mu gwada a wuri mai santsi.

Kaka: A simintin nan kika koyi tafiya, ban ga kin maƙale ba.

Takwara: Ni ai ba taya gare ni ba.

Kaka: Kar ki mayar mini da magana. Me take ba ki a can? Na ji har muryarki ta yi laushi.

Takwara: Abinci dai, irin na kowa.

Kaka: Tana tashinki da safe, ko sai rana ta dake ki?

Takwara: Agogo ke tashina.

Kaka: Agogo! Yarinyar da sai na janye bargo na yayyafa mata ruwa. To madalla. An samu agogo, an samu tayil, an samu mai riƙe rimot. Gadonki dai yana nan, ban san ko in kira mai shago ya taya ni jingine shi ba.

Takwara: Wa ya ce miki ba zan dawo ba?

Kaka: Haka ubanki ya ce da ya tafi aiki. Yanzu sai a waya nake sanin ya yi furfura.

Takwara: Kaka, ba tayil ne kaɗai ya sa muka ɗauke shi ba.

Kaka: Iye? Ƙara ɗaga murya, wani abu yana ƙugi a bayanki.

Takwara: Shi ne, Dogo ke gwada shi. Bari in fita waje. Kina jina? Na ce ba tayil ne kaɗai ba. Bokiti ne.

Kaka: Wane bokiti?

Takwara: Shuɗin bokitinki na wanka. Na dawo daga makaranta na tarar an lulluɓe mutum-mutumin da zanen gado, ƙasa a jiƙe, ɗakin yana warin ƙonewa. Injin da ke ɗaga hannun ya ƙone ƙurmus. Ga shatin mariƙin bokiti a jikin ƙugiyar hannunsa.

Kaka: To?

Takwara: To kawai za ki ce?

Kaka: Me zan ce? Kun ce mai ɗaga kaya kuke ƙerawa. Na kawo masa kaya. Koren maɓallin da na ga Dogo yana dannawa na danna. Ya ɗan yunƙura, ya yi nishi, ya yi hayaƙi. Na sauke bokitina na rufe shi ya huta. Ban ga laifina ba. Ko jaki aka kawo mini sai na ɗora masa kaya kafin in yarda jaki ne.

Takwara: Akwatunan roba aka yi shi ya ɗauka, marasa nauyi! Ƙungiyar da ta fi jera su a kanta kafin a busa usur ita ta ci.

Kaka: Shi ya sa tun farko na ce abin da ba zai ɗaga bokiti ba wasan yara ne.

Takwara: Na ji ai. A gaban su Dogo kika faɗa.

Kaka: Kin gaya musu ni ce?

Takwara: A'a. Na ce ni na bar shi a kunne.

Kaka: Ita mai tayil fa? Ta sani?

Takwara: Ba wanda ya sani.

Kaka: Rantse.

Takwara: Wallahi ba ta sani ba.

Kaka: To. Da sauƙi. Wato gudu kuka yi da shi kar tsohuwa ta ƙarasa shi.

Takwara: Ban san yadda zan ce miki kar ki taɓa ba. Wa ya isa?

Kaka: Ba wanda ya isa. Yanzu dai ya warke? Na gan shi a wayar mai shago yana ta rawar jiki.

Takwara: Wancan hoton na makon jiya ne. Malam ya samo mana sabon ƙaramin inji, ya yi sauri sosai. Amma na cire shi.

Kaka: Kika cire? Don me?

Takwara: Na je gareji na karɓo injin goge gilashin mota a wajen bakanike, na ɗaura. Wannan yana da ƙarfi. Jiya ya ɗaga bokiti cike da ruwa har gwiwata, ko ɗigo bai zuba ba.

Kaka: Bokitin wa?

Takwara: Na Inna.

Kaka: Wato har bokitin ma nata ne.

Takwara: Kaka! Ki saurara mana. Matsalar ita ce injin ya yi nauyi. Yanzu tafiya yake kamar mai ciwon baya, in ya miƙa hannu sama sai ya nemi kifewa. Kafin ya jera akwati ɗaya, na wasu ya cika kanta. Dogo ya daina yi mini magana sai ta dole. Malam ya ce ni ce shugabar ƙungiya, in yanke shawara kafin ƙarshen mako.

Kaka: A gasar akwai inda ake ɗaga bokiti?

Takwara: Babu.

Kaka: Alƙalan za su yi wanka a wurin?

Takwara: A'a.

Kaka: To uban me ya kai ki?

Takwara: Ke kika ce wasan yara ne.

Kaka: Ina faɗin abubuwa da yawa. Na ce Dogo zai rushe mini ƙofa da goshi, kin sare masa kai?

Takwara: Kuma na gan ki. Kafin in taho, da safe, na leƙo ta taga. Ba ɗauka kike ba, ja kike yi a ƙasa, ki tsaya ki dafa bango, ki sake ja. Da kika ji motsina sai kika miƙe kika fara faɗa wai na bar takalmi a hanya.

Kaka: Kin bar takalmi a hanya.

Takwara: Yanzu wa ke kai miki ruwa banɗaki?

Kaka: Layin ba kyau.

Takwara: Layin ƙalau yake. Wa ke kai miki?

Kaka: Rabi nake zubawa, in koma in ƙaro. Mutum guda ruwa nawa zai ci? Ba gaisuwar bokiti na kira ba.

Takwara: Kaka, ki ce in dawo kawai. Yau ɗin nan zan sa a ɗauko mu, ni da shi da kayan aiki duka. Mu bar babban injin. In mun faɗi mun faɗi, aƙalla zai yi amfani a gida. Kuma ke za ki riƙe rimot.





Kaka: Ita ta ji kina faɗin haka?

Takwara: Tana ciki.

Kaka: Kash. Da ta ji. To buɗe kunnenki, Takwara. Sunana kike amsawa, kuma mai sunan nan ba ta shiga abu don ta faɗi. Yaran nan sun bar wasa, sun bar barcin rana, sun ƙona yatsu a ɗakina ina gani. Ba ki da ikon zubar musu da wahala saboda wankan wata tsohuwa. Ki shiga yanzu ki kwance wannan na bakaniken, ki mayar da ƙaramin.

Takwara: Amma ke kika ce...

Kaka: Wasan yara ne, har gobe. To ku ci wasan. In za ka yi wasa ma ka yi shi da kyau.

Takwara: Shi ke nan. Amma zan dawo gida, in riƙa zuwa nan gwaji da yamma.

Kaka: Ki ɓata rabin yini a hanya? Kin ce simintina ya tsage, tayil ake so. Ga tayil kin samu, ki zauna a kansa har ya gaji da ke. In na ga ƙafarki a gidan nan kafin gasa, da tsintsiya zan tare ki.

Takwara: Ruwan fa?

Kaka: Matar mai shago tana ta neman ta taimaka ina korarta. Zan daina korarta. Na kwana biyu ne, kar ta saba.

Takwara: Kin yi alkawari?

Kaka: Ni kike sa wa sharaɗi? Na faɗa, ya zauna. Injin bakaniken kuma kar ki mayar masa. Ki naɗe shi a tsumma ki sa a ƙasan jakarki, ba a kabad ɗinta ba. Ranar da aka busa usur ɗin ƙarshe, ke da ƙarfen da injin, gidana za ku kwana. A nan aka haife shi, a nan zai koyi aikin manya.

Takwara: To, Kaka.

Kaka: Kuma shuɗin bokiti zai ɗaga. Kar a sake ba shi na kowa.

Takwara: Na ji. Gwangwanin ƙusoshin fa, in turo Dogo?

Kaka: Kin ce kuna da wasu. Yana nan kan gadonki, mai shi ta zo ta ɗauka da hannunta. Me nake ji? Wa ke kiranki?

Takwara: Inna ce. Ta fito, wai in ba ta ku gaisa. Ta ce ranar gasa za ta biyo da mota ta ɗauke ki, ku zauna tare.

Kaka: A gaba ko a baya?

Takwara: Me?

Kaka: A motar! Ki ce mata gaba nake zama, saboda gwiwa. A wurin gasar ma haka.

Takwara: Ga ta nan, ki faɗa mata da kanki.

Kaka: Kar ki ba ta! Alo? Alo, ba na ji! Ki ce mata layin ne, kin ji yadda yake yi tun ɗazu...

Takwara: Kaka, ras nake jinki. Kaka? Alo? Inna, ta kashe.