Mutum Sha Huɗu a Takardar Haraji

AUTA: Salamu alaikum, Yaya.

YAYA: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar mutuniyar ƙasar waje? Har muryarki ta fara sanyi.

AUTA: Ina wuni? Ya shago?

YAYA: Lafiya lau, mun gode Allah. Ya yaran? Ya shirin tafiya?

AUTA: Suna lafiya. Ya Anti da ƙafarta?

YAYA: Da sauƙi. Tun da ta ji za a riƙa aiko kuɗi daga waje ƙafar ta miƙe da kanta. Jiya har tsani ta hau.

AUTA: Inna fa, ka leƙa ta?

YAYA: Da safe. Tana nan tana ba maƙwabta labarin jirgin da za ki hau, wai hawa uku ne, da masallaci a sama. Ni na gaya mata, kar ki ƙaryata ni.

AUTA: Yaya, kashe injin nan, ba na jin ka sosai.

YAYA: Takardar wani nake wa hoto. In na kashe shi sai na lallashe shi rabin awa kafin ya tashi. To, na fito baranda. Ina jin ki. Lafiya dai ko?

AUTA: Ba lafiya ba. Matar ofishin albashi ta asibitin da suka ɗauke ni ta kira ni ɗazu a bidiyo, a kan takardar haraji da ka cike mini.

YAYA: Ta yaba rubutun ko? Shekara ashirin ina cike wa mutane fom, ba a taɓa dawo da nawa ba sai don a yi koyi.

AUTA: Wurin da aka ce a rubuta adadin waɗanda nake ɗaukar nauyinsu, ka sa mutum sha huɗu.

YAYA: Ƙarya na yi? Ƙirga. Yaranki biyu. Inna, Gwaggo, Kawu, surukarki. Marayun Yaya Babba huɗu. Ni da nawa uku. Ai ma na rage, ban sa Antinki ba don kar a ce son kai.

AUTA: Ɗaya bayan ɗaya ta bi su. Ta ce wace ce wannan? Na ce ƙanwar babana. Ta ce ke kika haife ta? Na ce shekararta saba'in. Ta ce a gidanki na nan za ta zauna? Na ce a'a. Ta ja layi a kai. Haka ta yi ta ja ina kallo, har ta zo kanka.

YAYA: Me ta ce da ni?

AUTA: Ta tambaya ko kana da wata nakasa.

YAYA: Kika ce?

AUTA: Na ce a'a, shago gare ka. Ta ja layi biyu.

YAYA: Wannan sabuwa ce a aikin. Na taɓa cike wa wani direba, mutum arba'in da ɗaya muka sa. Ƙasar da ya je, maimakon su karɓi haraji a hannunsa, su suka koma biyansa. Har ministansu ya zo filin jirgi ya ba shi haƙuri.

AUTA: Yaya, don Allah. Yau ba ranar labari ba ce. A wurinsu ba a ƙirga kowa sai ɗan da ka haifa, shi ma in yana zaune tare da kai a can.

YAYA: Wato su ba su da gwaggo?

AUTA: Suna da ita, gwamnati ke riƙe ta, shi ya sa suke yankan albashi haka. Kana da biro? Rubuta.

YAYA: Kullum yana bayan kunnena. Faɗi.

AUTA: Albashin dubu huɗu ne a wata, na kuɗinsu. Kai da ka buga a na'urar lissafin nan ta intanet da mutum sha huɗu, ka ce ɗari biyu za su cire.

YAYA: Dubu uku da ɗari takwas a hannu. Na tuna, har tafi aka yi.

AUTA: To haraji kaɗai ɗari shida da tamanin ne. Fansho ɗari uku da ashirin. Inshorar lafiya ɗari uku.

YAYA: Inshorar me? Layin yana yankewa.

AUTA: Lafiya. Ta asibiti.

YAYA: Ke da za ki yi aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin? Sai ki biya kafin ki yi ciwo? Ki ce musu ba kya so, in kin ji zazzaɓi kya gwada kanki.

AUTA: Ba a tambayarka. Tun kuɗin bai shigo asusunka ba an zare. Abin da zai iso hannuna dubu biyu da ɗari bakwai ne.

YAYA: Bari in haɗa. Shida da tamanin, uku da ashirin... dubu, da uku... Dubu ɗaya da ɗari uku suka tafi ke nan. A wata ɗaya?

AUTA: Kowane wata.

YAYA: Wannan ai ko ɗan fashi yana barin na mota.

AUTA: Ci gaba da rubutu. In da yara zan tafi, dole gida mai ɗaki biyu, in ba haka ba ba za su ba su izinin zama ba. Dubu ɗaya da ɗari huɗu. Ƙaramin bai isa makaranta ba, gidan raino ɗari shida. Nawa ya rage?

YAYA: Ɗari bakwai.

AUTA: A ciki za mu ci, mu hau mota, mu sayi rigar sanyi, mu uku. Ka tuna nawa na yi alkawarin aikowa gida ranar da aka taru a falon Inna?

YAYA: Dubu ɗaya da ɗari biyu. Ni na karanto rabon a tsaye.

AUTA: Da ƙarfi kuma, har na waje suka ji.

YAYA: To ki fasa tafiyar mana. Arziki ba a ƙasa ɗaya yake ba.

AUTA: In koma ina? Na ajiye aiki tun farkon wata, an ba wata kujerata. Sun yi mini walima, sun haɗa kuɗi sun saya mini akwati. Mai gida ya riga ya karɓi kuɗin sabon ɗan haya. Firij ma na sayar, a kula muke ajiye ruwa.

YAYA: In kuma ke kaɗai kika tafi?

AUTA: Na tambaye ta. Harajin zai ƙaru da ɗari biyu tunda ba yaro a takarda. Amma zan kama ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, ɗari shida, ba kuɗin raino. In na matse bakina, dubu da ɗari biyun za su fita, kowa ya samu nasa.

YAYA: To ai ga mafita. Ki kawo su gidana. Inda uku suka kwana biyar ma sa kwana.

AUTA: Shekara uku ce kwangilar, Yaya. Ƙaramin har yanzu sai ya riƙe gefen zanina yake barci. Babbar kuma tun rasuwar babansu ko shago na fita sai ta tsaya a ƙofa har in dawo. Jiya na same ta tana jera takalmanta a cikin akwatin, ta naɗe kowanne a jarida.

YAYA: Ai yara suna sabawa. Akwai wani yaro da na sani, uwarsa ta yi shekara tara a...

AUTA: Yaya.

YAYA: Na'am. To. Babu wani yaro.

AUTA: Matar ta ce in gyara takardar in mayar yau kafin su tashi daga aiki, don da ita za a nemi izinin zaman yaran. Ko in rubuta biyu, ko in rubuta sifili. Tun azahar nake zaune a kan akwatin nan da biro a hannu.

YAYA: Cire ni daga rabon. Ni da nawa uku. Injin nan zai ƙara shekara, dama ƙorafi ne kawai da shi.

AUTA: Naku ɗari uku ne. Saura ɗari tara.

YAYA: Kawu zan same shi a masallaci, a gaban mutane ba zai yi faɗa ba. Gwaggo za ta yi kuka kwana biyu, ta yi mini Allah ya isa, na saba. Marayun kuwa dama ni da ke muke riƙe su, zan ci gaba da inda na iya.

AUTA: Da me? Da injin da sai an lallashe shi?

YAYA: Wannan matsalata ce.

AUTA: Inna fa? Ta bayar da teburin sana'arta kyauta, ta ce ta huta ke nan. Maganin hawan jininta ma a cikin rabon yake.

YAYA: Ɗari ɗaya zai fita daga ɗari bakwan nan?

AUTA: In mun ci sau biyu a rana, zai fita.

YAYA: To na magani ya samu. Sauran ni zan je in gaya mata yanzu, in na rufe shago.

AUTA: Me za ka ce mata? Kar ka je ka ce jirgin ne ya rage hawa.

YAYA: Gaskiya zan faɗa.

AUTA: Ka iya?

YAYA: Ban taɓa gwadawa da ita ba, amma an ce ba ta kisa.

AUTA: Za ta ce na zaɓi 'ya'yana na bar ta.

YAYA: Ita ma da haka ta rene mu, in ta manta zan tuna mata.

AUTA: Yaya, an ce saura minti ɗaya katina ya ƙare.

YAYA: To saurara. Biyu za ki rubuta. Kar ki tsaya kiran kowa, kar ki kira Gwaggo, ki rubuta ki aika.

AUTA: Ko teburin da zan ɗora takardar babu.

YAYA: Ki ɗora a kan akwatin. Kuma Auta, maganar sha huɗun nan, ba na'urar ba ce ta yi kuskure. Ni ban taɓa cike wa kowa takardar ƙasar waje ba, taki ce ta farko. Da na ce miki ban sani ba, da ba ki...

AUTA: Yaya? Kana ji na? Yaya?