Buhun Farin Gari da Na Ajiye wa 'Yata

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku. Halleluya!

Ku yi mini haƙuri, yau a zaune zan yi magana. In kun ga na dakata, ba kuka nake yi ba, numfashi nake jira ya iso. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Saratu ta unguwar Paris-Congo, matar marigayi Ishaya kafinta. Waɗanda suka san ni kuwa, sun san a da in na ɗaga waƙa a zumuntar mata, har masu shago a bakin titi sai sun leƙo. Maigidana yakan ce, "Saratu, Allah fa ba kurma ba ne." Ni kuwa in ce masa maƙwabta nake yi wa wa'azi.

Shaidata a kan wani buhu ce. Buhun guba, wanda na ɗinke bakinsa da hannuna, na ajiye wa 'yata Rifkatu a matsayin gado.

Baban Rifkatu aikin rufin ɗaki yake yi. Lokacin da muka zo garin nan daga Najeriya, masu hali ba sa son rufin kwano, wai zafi gare shi. Fibiro suke so, wannan farin rufin mai kama da siminti, wanda a gida ake ce wa asbesto. A tsakar gidanmu yake yanka shi da zarto. Ƙura ta tashi fari fat, ta hau gashinsa, ta hau girarsa, in yi ta masa tsiya cewa ashe tsoho na aura ban sani ba. Da yamma in kakkaɓe rigunansa, in wanke, in share tsakar gida.

To, ni ba na zubar da abu. Wata rana na kwaɓa ƙurar nan da yumɓu na gyara murhuna. Wuta ta ci, ta ci, murhu bai tsage ba. Shi ke nan! Sai in tara, in tankaɗe da rariya kamar garin tuwo, in zuba a buhu. Matan unguwa suka yi ta zuwa da ƙwarya. Maƙwabciyata Hajja Zainaba, wadda kakanninta suka yada zango nan a hanyarsu ta Makka, ita ta raɗa masa suna "garin Saratu". Kyauta nake bayarwa, ina jin daɗi ana yabona.

Shekaru suka tafi. Aka daina yayin fibiro, maigida ya koma aikin kwano. Can sai tari ya kama shi, da ciwo a gefen ƙirji. Aka ce tarin tibi ne. Ya sha magani har ya gaji, yana ta ramewa kamar ana zuƙe shi. Ubangiji ya ɗauke shi Rifkatu tana makaranta. Abin da ya bar mana a bayan ɗaki shi ne tarin fibiro sababbi da ba a taɓa ɗorawa ba, sai buhun garin nan guda. Na ce wannan na Rifkatu ne, ranar da za ta yi nata gida.

Rifkatu ta girma, ta yi aure. Mijinta ya samu fili a unguwar Atrone, ya tayar da ɗaki, saura rufi. Ita kuma ga ta da ƙaramin ciki. Na aika musu da fibiron babanta a amalanke, har da buhun, don in je in gina mata babban murhun dafa ruwan wankan jego da hannuna.

Amma ban je ba, domin ni ma na kwanta.

A nan cikin ikkilisiyar nan abin ya fara. Na ɗaga waƙa, na kai tsakiya, sai numfashi ya tsinke mini kamar an ɗaure ƙirjina da igiya. Mata suka ɗauka hawaye ne suka sha kaina, suka ƙarasa mini. Daga nan ciwon gefe, zufa, abinci ba ya shiga. Ni ma aka ce tibi, na sha ƙwayoyi wata da watanni a banza. Ko tsintsiya na ɗauka sai na zauna na huta.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ga ruwa ya cika gefe guda. Suka soka allura suka zuƙe, na ji daɗi, bayan 'yan makonni ya sake taruwa. Sai wani likita ya yanki ɗan nama ya aika Kamaru a duba. Da sakamako ya dawo, ya zaunar da ni ya yi mini wata tambaya da ta ba ni mamaki.

"Mama, wane aiki mijinki yake yi?"

Na ce, "Likita, mijina ya daɗe a kabari. Ni ce mara lafiya."

Ya ce, "Na sani. Faɗa mini dai."

Na ba shi labarin zarto da ƙura. Da na kai kan rariya, sai ya ajiye alƙalaminsa ya dafe kai. Ya ce ciwon daji ne, sunansa mezoteliyom. Ba cikin huhu yake farawa ba, a siririyar fatar da ta lulluɓe huhu yake. Ƙurar fibiro tana da wasu 'yan zaruruwa da ido ba ya gani. In an shaƙa, sai su maƙale, ba sa ruɓewa, ba sa fita. Su yi shiru shekara ashirin, talatin, har fiye, sannan fatar ta fara kauri, tana tara ruwa, tana matse huhu. Ya ce mai yiwuwa abin da ya ɗauki maigida ke nan. Ya ce zai iya rage mini wahala, amma maganin warkewa ba ya hannunsa.

'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na koma gida na juya wa bango fuska. Ban gaya wa kowa abin da likita ya ce ba, ko Rifkatu. Kaina kawai nake tunani: ni da na yi maka waƙa tun ina budurwa, numfashin ne za ka karɓe?

Ranar wata Asabar da hantsi, matan zumunta suka zo gaishe ni. Suka durƙusa kewaye da tabarmata. Suka fara addu'a. A zuci kawai na ce, "Ya Yesu, in kana nan, ka nuna mini amfanin wannan ciwo, ko guda ɗaya." Ban rufe wannan roƙo ba sai na ji uwar zumunta tana cewa, "Ya Uba, ka tuna da 'yarta Rifkatu, da ɗakin da ake ɗora wa rufi yau, ka tsare masu aiki."

Yau! Jama'a, kamar an watsa mini ruwan sanyi. Fibiro! Buhu! Rifkatu da cikinta!

Na miƙe, ni da sai an tallabe ni. Na buga wa Hajja Zainaba katanga. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta jawo mayafinta ta tare mana taksi. Hanyar Atrone kun san ta, rami bisa rami, kowane rami kamar wuƙa a haƙarƙarina. Hajja tana riƙe da ni tana cewa, "Sannu Saratu, Allah yana nan." Ita tana nata salati, ni ina kiran Yesu.

Mota ta kasa shiga lungun, sai da ƙafa. Daga nesa na hango surukina ya ɗora fibiro a kan benci, ya kafa zarto. Rifkatu kuwa tana zaune dab da shi, ta kwance bakin buhun, ga rariya a cinyarta. Wai tunda Mama ba lafiya, za ta tankaɗe ta gina murhun da kanta.

Na buɗe baki, ba murya. Ni Saratu! Iska kawai ke fita. Na ce, "Ubangiji, ban roƙe ka waƙa ba. Kira ɗaya tak ka ba ni."

Kun san al'adarmu, tunda yaron nan ya auri 'yata ban taɓa kama sunansa ba, ko haɗa ido ba ma yi. Ran nan kunya ta gudu. Na ji ƙirjina ya buɗe, na kwarara ihu: "Bitrus! Ajiye zarton nan!"

Zarto ya faɗi ƙasa. Kajin maƙwabta suka watse. Hajja ta ce ko a kasuwa an ji. Halleluya!

Rifkatu ta taso tana cewa, "Mama, lafiya?" Na ce ta saki rariyar nan, ta je ta wanke hannu. Na zauna a kan bulo na gaya musu komai. Muka yi kuka mu duka. Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, to da me zan rufa ɗakin? Ga damina ta kusa." Ku ne kuka ba shi amsa. Mazan ikkilisiyar nan suka haɗa hannu suka sayo kwano, suka ɗora. Fibiro da buhun kuwa, aka jiƙa su da ruwa yadda likita ya ce, aka naɗe a leda, aka binne a rami mai zurfi ba tare da an fasa ko ɗaya ba.

Bayan haka ni da Hajja muka bi gidajen Paris-Congo, duk inda garin Saratu ya taɓa shiga, muna faɗakarwa. Likita ya ce ba duk wanda ya shaƙa ne yake kamuwa ba, amma kada a ƙara, kuma mai tari ko ciwon gefe ya je a duba shi, ya faɗi gaskiyar abin da ya shaƙa. Ku ma ina roƙonku, tsohon fibiro kada ku yanka, kada ku fasa, kada ku share ƙurarsa a bushe.

Ban zo in ce muku na warke ba. Ciwon yana nan. An yi mini wani aiki da ya hana ruwan saurin taruwa, ina barci, ina cin tuwona, tsoro kuma ya bar ni. Kwanakina suna hannun wanda ya ba ni kiran nan. Waƙa ba na iya ɗagawa, amma tulu ina bugawa, kuma har yanzu in kuka yi kuskuren amshi ina harararku.

Kun ji wannan tsala kukan da ke tashi daga bencin baya tun da na fara magana? Rifkatu, kada ki fita da ita, bar ta! Jikata ce, a ƙarƙashin rufin kwano aka haife ta, huhunta garau. Bitrus ya ce duk Atrone ba mai barcin rana saboda ita. Na roƙi Ubangiji kira ɗaya, sai ya ɗauki muryar gaba ɗaya ya ba yarinyar nan.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ko amsar ba ta zo ta ƙofar da kuke tsaro ba. Duk mai sauran numfashi a ɗakin nan, ya taya ni cewa Amin!