Zanen da Ba Shi da Fuska

A rumfar mai sa hotuna cikin gilashi a Babbar Kasuwar Katsina, Hajiya Kubura na jiran a sa mata wani zanen baƙar tawada, sai wani dattijo da ya zo karɓar nasa hoton ya leƙo ta kafaɗarta.

"Hajiya, wanga fa? Kaza ce ta faɗa cikin tawada ta bi ta kan takarda?"

"Mutum ne, Malam."

"Mutum? Ina idon, ina hancin? Mu a zamaninmu in ka zubar da tawada haka bisa allo, bulala za ka sha, ba gilashi za a sa maka ba."

"Da gangan aka bar fuskar. Dubi layin nan guda yadda ya lanƙwaso, ai har nauyin jikin kana gani."

"Ni ban ga komi ba." Ya gyara tabarau, ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. "Kuma gaskiya bai dace a rataye ta a falo ba. Ko mayafi babu! Dubi yadda ta duƙa, dubi ƙugu. Yara na shiga, baƙi na shiga."

"Ba yanzu ka ce ba ka ga komi ba?"

"Subhanallahi! Idona ne ya kai wurin, ba da niyya ba."

Hajiya Kubura ta janye takardarta a hankali, ta miƙa wa mai rumfa.

"Malam, maigidana ne ya duƙa yana alwala, ɗiyarmu ta zana shi. Amma in na koma gida zan faɗa mashi ka yaba ƙugun."