Jinina a Kujerar Motar Isa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron kada in faɗi wani abu ba daidai ba, ko in ƙara jawo wa wanda ya taimake ni wahala. Matata Rahila ce ta ce ko in rubuta, ko in bar ta ta huta da zancen.

Sunana Bulus, tela ne ni a Illela. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wata Lahadi muna dawowa daga sujada muka bi ta bakin kara, inda ake cinikin shanu. Wani bijimi ya tsinke igiya ya soke ni a cinya. Jini ya yi ta zuba, babbar motar Sakkwato kuwa ba ta tashi sai ta cika.

Sai ga wata ƙaramar baƙar mota daga wajen Konni. Direban, Isa, maigidansa ne ya aike shi sayayya Sakkwato. Da aka buɗe ƙofa na ga kujerun fata, farare kamar nono, sai na ce a shimfiɗa buhu tukuna.

Isa ya ce, "Bawan Allah, kana mutuwa kana zancen buhu? Ku sa shi ciki."

Muka isa asibiti, aka ɗinke ni. Rahila kuwa, don ta nuna godiya, ta ari tukunya wurin mata masu jinya, ta tafasa ruwa da kanwa kamar yadda take yi wa kayan wanki, ta dirje kujerar baya. Ashe ruwan zafi dafa jini yake yi a jikin fata. Tabon ya koma baƙi, wurin ya ƙandare.

Isa ya kai motar wurin dukawa. Suka ce da ruwan sanyi aka fara sawa, da tsumma mai taushi ana dannawa a hankali, a bi da man shanu, da ya fita. Yanzu kam sai dai a rine kujerar duka da karan dafi. Ya ce su rina.

Ya zo bakin gadona yana dariya. "Tela, jininka ya ƙi fita, mun maida kujera ja."

Na fashe da kuka, na ce za a kore shi saboda ni.

Ya ce, "Mi kaka ma kuka? In maigida ya tambaya, in ce mashi adon Sakkwato na. In ya kore ni, ai hanya ba tashi ta ba." Ya dubi Rahila ya ce, "Uwargida, in kin sake ganin jini, ki bar tukunya ta huta." Ya tafi. Ban tambayi sunan mahaifinsa ba, ban tambayi na maigidansa ba.

Cinya ta warke, amma wani ciwo ya kama ni. Da na ji ƙarar mota daga arewa sai in bar keken ɗinki in fita da gudu. Na ɓata wa mutane yadi. Na je Konni ina tambaya, aka nuna mini Isa direba har na gaji, babu nawa. Kullum ina tunanin ko an kore shi, ko 'ya'yansa suna kwana da yunwa. Na rame. Rahila ta ɗora wa kanta laifin, gidanmu ya zama ba hira.

Mai bisharar da ke kula da mu ya same ni a shago ina zaune ba aiki. Ya ce, "Bulus, wa ya kawo Isa bakin kara ranar nan, kai ne?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To Wanda ya kawo shi bai manta inda ya mayar da shi ba."

Muka durƙusa a bayan keke. Na ce, "Ya Ubangiji, na kasa ɗaukar Isa. Ka riƙe shi, da shi da iyalinsa." Da haka muka tashi. Amma ranar na ci tuwo na ƙoshi, na kuma yi wa Rahila maganar tukunya har ta yi dariya. Yabo ga Allah! Tun daga nan fargabar ba ta sake danne ni ba. Duk mai ɗauke da irin nauyina, ya miƙa wa Yesu, zai karɓa.

Sai dai kewa tana nan. Ina so in ga fuskarsa ina tsaye da ƙafafuna. Don haka nake roƙon 'yan'uwa masu zuwa Konni da gaba da can: Isa dogo ne, siriri, yana da wushirya, da wuya ka gan shi ba goro a baki. In kun gan shi, ko kun ga baƙar mota mai fararen kujeru a gaba da ja a baya, ku aiko wa Bulus tela a Illela. Ko labarin ba mai daɗi ba ne, ku faɗa mini, yanzu zan iya ji.