Ni Aka Sa Na Sallami Talatu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Binta, daga Tudun Wada.

Da ni Hajiya ta fara kamfanin shinkafarta. Mu uku ne a tsakar gidanta, muna turara shinkafa, muna cin abinci kwano ɗaya. Kamfani ya girma, na zama shugabar ma'aikata. Makon jiya sabon injin turara shinkafa ya iso, Hajiya ta ce in sallami masu turarawa, har da Talatu da muka fara tare.

Da na faɗa mata, ta ce, "Ba komai Yaya, aikinki ne." Ta yafa mayafinta ta fita.

Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, na koma bakin aiki. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Idan na je gidanta, me zan ce mata?